Na'urar gwajin suga zan fara saya ko asibiti zan fara zuwa?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka shigo wannan makon yawancinsu akan ciwon suga ne, na ɗauko guda huɗu saboda abinda aka tambaya a cikinsu shi ake ta maimaitawa a sauran.

Tambaya ta farko daga wata baiwar Allah a Zariya: "Anti shekarata 44, wata huɗu kenan bana samun barci saboda fitsari, sau biyar sau shida nake tashi da dare, ga ƙishirwa kamar me, ga ƙaiƙayin gaba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na sha maganin sanyi na kemis na sha na gargajiya har na gaji, zannuwana duk sun min yawa. Maƙociyata tace in sayi na'urar gwajin suga in dinga dubawa a gida. In saya ne? Kuɗin hannuna ba yawa."

Hajiya kar ki fara da na'ura, kuɗin nan ki riƙe shi ki tafi asibiti gobe da safe, ba wani sati ba, gobe. Abinda kika lissafo ɗin nan wallahi ya tayar min da hankali saboda kusan duka alamomin suga ne suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma wata huɗu ba kwana huɗu bane. Bance kina da shi ba, gwaji ne kaɗai zai faɗa, amma bari in gaya miki yadda abin yake. In suga ya yi yawa a jini ya haura wajen 180 a ma'aunin gwaji, ƙoda bata iya riƙe shi sai ta dinga zubar da shi ta fitsari, shi kuma sugan in zai fita sai ya ja ruwa ya tafi da shi, shi yasa fitsarin yake yawa, ruwan jiki ya ragu ƙishirwa ta taso, ki sha ki sake fitsari, haka abin zai ta zagayawa. Ramar kuma saboda abincin da kike ci baya shiga inda ya kamata ya yi aiki, jiki sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa. Ƙaiƙayin nan da kike ta kashe kuɗi a kansa da sunan sanyi, fitsari mai zaƙi ne yake ciyar da ƙwayoyin cutar, in ba a sauke sugan ba ko wane irin matsi kika yi zai lafa kwana biyu ya dawo. Mata da yawa ta nan ciwon yake fara nuna kansa, su shekara suna maganin infekshin ba wanda ya ce musu a duba jini.

Ki lura da wasu abubuwan kuma ki faɗa ma likita in akwai, gani yana yin dishi-dishi, tafin ƙafa yana zafi ko yana yi kamar ana tsira allura musamman da dare, ciwo ko maruru da ya ƙi warkewa, kiyashi suna taruwa inda aka yi fitsari, bayan wuya ya yi baƙi ya yi kauri kamar dauɗa alhali wanka baya fitar da shi. Ki gaya mishi in kin taɓa haifar jariri da ya haura kilo 4 ko an taɓa ce miki suganki ya hau lokacin ciki, da in akwai mai ciwon a gidanku. Sannan dan Allah in kina shan ƙwayoyin ƙiba irin su sha ka fashe kar ki ɓoye, da yawansu akwai dexamethasone a ciki kuma yana ɗaga suga sosai, amma kar ki yanke shi rana ɗaya da kanki in kin daɗe kina sha, likita ne zai tsara miki yadda za ki sauka.

Gwajin da za ki nema shine na suga kafin karin kumallo. Ki ci abincin darenki yadda kika saba, daga nan kar ki ƙara cin komai na aƙalla awa 8, ba shayi ba koko ba goro, amma ruwa zalla ki sha abinki, wannan ba azumin ibada bane da za a hana ki ruwa. In sakamako ya nuna 126 ko sama, ko kuma 7.0 in lab ɗin da ɗaya ma'aunin suke aiki, toh ya shiga layin ciwon suga. Ke da kike da alamomi a fili ma ko kin ci abinci in aka gwada aka ga 200 ko sama, wato 11.1, ya isa likita ya yanke hukunci. Kowane babban asibitin gwamnati yana yin wannan gwajin, ba sai kin je asibitin koyarwa na Shika ba, kuma kuɗinsa bai kai na na'ura ba ko kusa. In kuma kafin gobe kika fara amai, ko jiri da barci mai nauyi, ko numfashi sama-sama, ko kika ji kanki yana rikicewa, a kai ki imajansi a daren, kar a jira gari ya waye.

Ta biyu daga wani ɗan uwa a Kano: "An tabbatar Babanmu yana da suga, an ɗora shi akan metformin, likita yace a sai mishi na'ura. Na je kasuwa na ga kala-kala, wace ce mai kyau?"

Malam Allah ya ba Baba lafiya ya saka maka da alheri. Kai kam lokacin sayen na'ura ya yi. Shawarata kafin ka tambayi kuɗin na'urar ka fara tambayar kuɗin tsinken gwajinta, wato abin da ake saka ma jini a jikin na'urar, saboda na'ura sau ɗaya ake saya, tsinke kuwa shi za ka ta saya har illa masha Allah, kuma tsinken wani kamfani baya shiga na'urar wani. Mutane nawa ne aka kawo musu tsaraba mai kyau daga Saudiyya ko Dubai, tsinke hamsin ɗin farko ya ƙare aka zaga gari ba a samu irinsa ba, na'ura ta koma cikin durowa. Ka shiga manyan kantunan magani biyu ko uku na kusa da gidan Baba ka ga wane tsinke ne kowa yake da shi, irin su Accu-Chek da OneTouch da On Call Plus an san su a nan, ka zaɓi wadda aljihunka zai iya ɗaukar tsinkenta duk wata. A kantin magani mai rajista za ka saya, ka duba ranar ekspaya a jikin kwalbar tsinken, ka ce a gwada maka ita a gabanka, ka karɓi rasit.

Ka duba da wane ma'auni take ba da lamba, mg/dL ko mmol/L, domin nan ake yawan rikicewa, mutum ya ga 8 ya ce ai suga ya faɗi ƙasa a kawo lemo alhali 8 ɗin nan 144 ne a ɗaya ma'aunin, da 18 ake ninkawa. Tsinke baya son zafi da laima, kar a bar shi a mota ko bakin taga da zafin Kanon nan, a rufe kwalbar da zarar an ciro ɗaya. Baba ya wanke hannu da sabulu ya bushe kafin a huda, in ya taɓa dabino ko mangwaro bai wanke ba lambar za ta haura ta ƙarya, a huda gefen yatsa ya fi sauƙin zafi, kuma allurar tashi ce shi kaɗai, kar a zagaya da ita gida kowa ya gwada saboda ciwon hanta. Ko na'ura mai kyau an yarda mata ta kauce da kamar kashi 15 cikin ɗari, toh in ka gwada sau biyu ka ga 150 da 160 ba lalacewa ta yi ba. Ka sai ƙaramin littafi a dinga rubuta rana da lokaci da lamba, a tafi da shi ranar ganin likita. Ƙasa da 70 suga ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan take, in ta rubuta HI kuma ya wuce abinda take iya aunawa, sai asibiti.

Ta uku: "Shekarata 36, siriri ne ni, bana jin komai, amma Mama da Baba duk suna da shi. Lab sun ce in yi HbA1c ya fi kyau amma ya fi tsada. Jinina AS ne."

Ɗan uwa ka yi daidai da baka jira alama ba, wannan ciwon yana iya shekaru a jiki shiru, kuma rashin ƙiba baya kare wanda ya gada ta ɓangare biyu. HbA1c yana nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku ne, ba sai an yi azumi ba, 6.5 ko sama shine layin ciwo. Sai dai a jikin jajayen ƙwayoyin jini ake auna shi, don haka ga mai sikila ko mai ƙarancin jini ko wanda aka ƙara ma jini kwanan nan lambar bata da tabbas, ko AS ma wasu injinan yana rikita su. Ka fara da na kafin karin kumallo, ya fi araha kuma ba ruwansa da AS ɗinka. In ya nuna 126 ko sama a sake wata rana tunda baka da alamomi, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya.

Ta ƙarshe daga Maraɗi: "An min gwaji an rubuta 1,15 g/L, aka ce ba ciwo bane amma in kula. Akwai mai maganin gargajiya da yace kwalba uku za ta wanke min shi gaba ɗaya. In saya?"

Alhaji kar ka saya. A lissafinku na Nijar layin ciwo 1,26 ne, kai kana 1,15 wato 115 a namu, kana bakin ƙofa baka shiga ba, kuma a wannan matakin abinda aka tabbatar yana aiki baya cikin kwalba. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 akan mutane irinka ya nuna waɗanda suka rage kamar kashi 7 na nauyinsu suka riƙe tafiyar minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Minti 30 kenan sau biyar a sati, tafiya mai ɗan sauri bayan Asuba ko bayan La'asar. Ka fara da sugan da ake zubawa a shayin majalisa zagaye uku, da lemon kwalba, da wanda ake ƙarawa a fura, kuma kar a ce maka zuma ko dabino basa ɗaga suga, suna ɗagawa. Zogale da rama ka ci su a kwaɗo a matsayin abinci su rage maka yawan tuwo da shinkafa. Abinda nake tsoro da kwalaben nan baka san me aka zuba ba balle adadinsa, ƙodarka ce za ta ɗauki nauyin, sannan mutum ya sha ya saki jiki ya daina gwaji. Ka koma a sake duba ka nan da shekara ɗaya, in kuma fitsarin dare ko ƙishirwa ko rama suka fara kafin nan ka koma a satin, kuma ranar ka ce su haɗa da awon hawan jini.