Motar sulken da na ƙago a labarina, za ta yiwu kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni marubuci ne daga Damagaram. Ina rubuta ƙagaggen labarin yaƙi a wata ƙasa da babu ita a taswira, ƙasa mai yashi da duwatsu. A ciki na ƙirƙiro wata ƙaramar motar sulke, na sa mata suna Damisa. Nauyinta tan 8, tana ɗauke da igwa mai faɗin baki milimita 120 irin ta manyan tankoki, harsashin tanka ba ya huda ta, nakiya ba ta yi mata komai, tana iyo a ruwa, tana kuma ɗaukar soja goma. Wani abokina tsohon soja ya karanta ya ce ba za ta yiwu ba, amma bai gaya mini dalili ba. Ina zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam marubuci. Abokinka ya faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin yadda ka damu ka tambaya. Matsalar Damisa guda ce: ka ɗora mata kayan motoci huɗu, ka ce ta ɗauka da nauyin ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Mu fara da sikeli, domin a wannan sana'a shi ne alƙali. Farantin ƙarfe mai faɗin murabba'in mita ɗaya, kaurin milimita 10, nauyinsa kilo 78 da rabi ne. Ɗauki gangar jikin da za ta ci soja goma: tsawo mita 6, faɗi mita 2 da rabi, tsayi mita ɗaya da rabi. In ka haɗa gefuna da gaba da baya da rufi da ƙasa, za ka sami murabba'in mita 55 da ɗoriya. Ka lulluɓe shi da wancan faranti, ka ci sama da tan 4. Rabin nauyin Damisa ya tafi ke nan, ba a sa inji ba, ba taya, ba mai, ba bindiga, ba mutane. Kuma wannan kauri, iyakarsa ya tare harsashin ƙananan bindigogi da ɓarɓashin bam. Ka ninka shi sau goma, ka haura tan 40, kuma har yanzu harsashin tanka na zamani zai ratsa shi. Ko rokar RPG-7, wadda ta fito tun 1961 kuma mutum ɗaya ke saɓa ta a kafaɗa, tana huda ƙarfe mai kaurin sama da milimita 250.

To maganar harsashin tanka ba ya huda ta, ka cire ta gaba ɗaya.

Abin da masu ƙira ke yi shi ne rabon sulke kamar yadda uwargida ke rabon nama a gidan da ya cika: inda aka fi buƙata a nan ake ƙarawa. Gaba ya fi kauri, gefe ya biyo, baya da rufi su samu saura. Sannan a kwantar da farantin gaba. In ka karkata shi digiri 60 daga tsaye, harsashin da ya taho a miƙe sai ya ratsa ninkin kaurin, wani lokaci ma ya zame ya wuce. Ƙungiyar NATO tana da ma'aunin kariya mai suna STANAG 4569. A mataki na 3 mota tana jure harsashin milimita 7.62 mai huda ƙarfe, a mataki na 4 tana jure na babbar bindiga milimita 14.5 daga nisan mita 200. Ƙaramar mota in ta samu mataki na 4 a gaba da na 3 a gefe, ta yi ƙoƙari. Wasu sukan koma ga alminiyom, wanda maƙeranmu ke kira gorar ruwa. Turawan Ingila da shi suka ƙera Scorpion, mai tafiya kan sarƙa, nauyi wajen tan 8, mutum uku a ciki, igwa milimita 76. Ta shiga aiki a 1973, sojojin Najeriya ma sun saye ta. Wannan ita ce ainihin abin da tan 8 ke iya saya maka.

Yanzu igwa. Duk wanda ya taɓa harba bindigar farauta ya san yadda take tokarin kafaɗa. Igwa ma haka take tokarin motar da ke ɗauke da ita, kuma nauyin motar ne ke shanye tokarin. Centauro II ta Italiya tana ɗauke da igwa 120 a kan taya takwas, amma nauyinta wajen tan 30 ne. Amurkawa sun gwada ɗora babban baki a kan ƙaramin jiki da M551 Sheridan, tan 15 da igwa milimita 152, suka kai ta yaƙin Biyetnam a 1969. In ta yi harbi sai gabanta ya ɗaga sama, girgizar ta rikita na'urorin makaminta mai linzami. Damisa mai rabin wannan nauyi, in ta juya igwa gefe ta harba, tana iya kifewa.

Faransawa sun sami wata dabara da nake so ka duba. Panhard AML-90 nauyinta tan 5 da rabi kacal, amma tana ɗauke da igwa milimita 90. Sirrin shi ne igwar ba ta tura harsashi da ƙarfi sosai, don haka tokarinta kaɗan ne. Harsashin kuwa ba da gudu yake huda ƙarfe ba, da wata nakiya mai siffar mazurari da ke cikinsa yake yi. Abin da ta biya shi ne sulke siriri da bai wuce milimita 12 ba, da harsasai 20 kawai a ciki. Najeriya da Nijar da Chadi duk sun yi amfani da ita, ƙila abokinka ma ya san cikinta.

Da ni ne, igwa mai sarrafa kanta milimita 30 zan ba Damisa, da mashin-gan 7.62 a gefenta, da makamai masu linzami biyu saboda ranar da za ta yi kiciɓis da tanka. Tarihin maƙwabtanku ya goyi bayan wannan. A Fada, arewacin Chadi, cikin Janairun 1987, sojojin Chadi a kan motocin Toyota marasa sulke, ɗauke da makami mai linzami na MILAN, sun ragargaza tankokin Libiya. Sun san ƙasar, sun fi sauri, sun riga abokan gaba gani.

Nakiya ita ce wurin da na fi so ka tsaya ka yi tunani, don tana cikin abubuwan da suka fi cin rayukan mutanen da ke cikin irin waɗannan motoci. Tana fashewa ne a ƙarƙashi, inda mota ta fi rauni. Masu ƙira a kudancin Afirka ne suka yaɗa maganinta da motoci irin Casspir wajen 1980: a yi cikin motar da tsini ta ƙasa kamar ƙasan kwalekwale, a ɗaga shi sama da ƙasa sosai, ƙarfin fashewar ya rabu biyu ya fita ta gefe. A rataye kujeru daga rufi ko bango, kada ƙafar soja ta taka daɓen da zai daki ƙashinsa. Ezugwu, motar sulke ƙirar Najeriya wadda aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, daga wannan zuriya take. Sai dai ka lura, ba a ce nakiya ba ta yi wa irin wannan mota komai. Taya na tashi, gatari na karyewa, motar na mutuwa a wurin. Mutanen ciki ne ake fatan su fito da ƙafafunsu. Kuma tsayin da ya cece su daga nakiya shi ke sa a hango su daga nesa, ya sa motar saurin kifewa a gangaren tudun yashi.

Iyo kuwa, a ƙasar yashi da duwatsu, me za ta yi da shi? BRDM-2 ta Rasha tana iyo da tan 7, amma sulkenta bai wuce milimita 14 ba. Bar wannan.

Ga Damisar da zan yarda da ita in na karanta. Motar leƙen asiri ce, tan 14, taya shida waɗanda direba ke rage musu iska daga kujerarsa in an shiga yashi, kuma suna ci gaba da tafiya ko harsashi ya fasa su. Injin dizal mai ƙarfin doki 300, don dizal bai kai fetur saurin kama wuta ba. Mutum uku: direba, maharbi, kwamanda. Sojojin nan goma ka ba su wata motar daban ta biyo baya. A kewaye ta da ragar ƙarfe mai lalata kan roka kafin ta fashe yadda ya kamata, da sanin cewa ragar wani lokaci tana aiki, wani lokaci ba ta yi. A sa mata gwangwanayen hayaƙi na ɓuya, da kyamara mai ganin zafin jiki da dare, da na'urar katse sadarwar ƙananan jirage marasa matuƙa, tun da yaƙin Yukiren ya nuna cewa rufi, inda sulke ya fi siranta, yanzu ta nan ake kawo hari.

A wajen rubutu kuma, malam, wannan Damisar ta fi waccan ba ka abin faɗi. Kwamandanta ya san harbi ɗaya daga tanka ya ishe shi, don haka zai laɓe bayan tudu, kan motar kaɗai ya leƙo, ya ƙirga makamansa biyu, ya yanke shawarar ko ya harba ko ya sulale. Ka sa mai karatu ya ji zafin cikin akwatin ƙarfe da tsakar ranar bazara, da ƙurar da ke toshe matacin iskar inji har sai an tsaya an kakkaɓe shi, da jarkar ruwan da mutum uku ke kallo tana raguwa alhali rijiya ta gaba tana da nisan yini guda.