Amsa: wasannin yaran Ostireliya

Malam, ka tambaya ko yaran Ostireliya suna da wasannin gargajiya nasu ko duk na Ingila suke kwaikwayo. Suna da su, har ma an adana su.

A 1954 wata malama Ba'amurkiya, Dorothy Howard, ta shiga ƙasar tana bin filayen makarantu tana rubuta abin da yara ke yi lokacin tara: tsallen igiya, waƙoƙin tafi, zambon malamai. Ta tarar suna wasa da ƙasusuwan ƙafar tumaki, a cilla sama a cafe da bayan hannu, kusan carafken 'yan matanmu. Ba mamaki, ƙasar makiyaya tumaki ce. Daga baya wasu masana biyu, June Factor da Gwenda Davey, suka kafa rumbun adana al'adun yara a 1979, wanda yanzu yake gidan tarihi na Melbon.

Gaskiya ne da yawa daga Birtaniya suka zo, yara suka sauya musu baiti. Amma ni abin da ya fi jan hankalina na 'yan asalin ƙasar ne, Aborijin. A yammacin jihar Biktoriya suna da Marn Grook, ƙwallon fatar wata dabba, fosum, da ake bugawa sama a yi tsalle a cafe. Masana na ta jayayya kan ko shi ya haifi ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya. A Yirrkala kuwa, wani garin Aborijin a arewacin ƙasar, a 1948, an tattara siffofi kusan 200 da ake saƙawa da zare a yatsu, yawancinsu na dabbobi da kayan amfanin yau da kullum.