Tambaya da Amsa: Zanen waya da zayyanar allo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Argungu, ina zana tambura da katunan biki a waya, kuma da wannan aiki nake rufa wa kaina asiri. Mahaifina mai zayyanar allo ne, wanda ɗalibai masu saukar Alƙur'ani suka daɗe suna kawo wa aiki, amma duk lokacin da na nuna masa abin da na zana sai ya ce na'ura ce ta yi, ba ni ba. Shin gaskiyarsa ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin ƙin maganar Baba, domin akwai abin da ya hango. Idan ya fiƙe alƙalaminsa na kara, ya tsoma a tawada, ya ja layi a jikin allo, to layin ya zauna ke nan, kuma hannun da ya san kuskure zai iya ɓata masa aikin kwanaki dole ne ya koyi natsuwa. Kai kuwa da taɓa maɓalli ɗaya kake soke kuskurenka, ko sau hamsin ne. Haka nan allon da ya zayyana guda ɗaya ne tak a duniya, alhali naka zanen ana iya kwafarsa sau dubu ba a gane na asali ba.

Inda zan ɗan saɓa masa, cikin ladabi, shi ne batun wanda ya yi aikin. Manhaja irin su CorelDRAW, wadda ta fito a 1989, ko Photoshop da ta biyo baya a 1990, ba ta san inda ya kamata layi ya lanƙwasa ba, ba ta kuma san cewa ja ya yi wa wuri yawa ba. Dubi aikin kwamfuta da ake yi wa wuyan kaftani a Birnin Kebbi da Jega: kafin allurar injin ta motsa, sai wani ya zauna ya tsara zanen, ya nuna mata inda zare zai bi. Wanda idonsa ya saba da aska takwas ta babbar riga, irin wadda maɗinki ke shafe makonni yana yi da hannu, da gani za ka bambance aikinsa da na wanda ya kwaso zane daga intanet ya manna. Amma fa idan bayani kawai kake rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fito maka da hoto, a nan hujjar Baba ta fi tawa ƙarfi.

Shawarata ita ce ka riƙa zama kusa da shi yana aiki, ka lura da yadda yake raba fuskar allo gida-gida kafin ya sa launi, sannan ka nemi izininsa ka sake zana wasu daga cikin salonsa a kwamfuta, kana ambaton sunansa. Ka zana su da layin da manhaja ke adanawa a matsayin lissafi, domin irinsa ko an faɗaɗa shi ya cika bango ba ya dushewa, saɓanin hoton waya da ke farfashewa zuwa ɗige-ɗige. Ka kuma gwada bugawa a ƙaramar takarda kafin ka karɓi kuɗin mutane, saboda fuskar waya da hasken ja da kore da shuɗi take haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ka gani a waya yakan fito a dushe.

Abin zanawa ma yana ƙofar gidanku. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, cike yake da masunta riƙe da homa da gora a kogin Matan Fada, ga kuma kayan tarihi a gidan tarihi na Kanta. Ka je da takarda da fensir ka fara zana su da hannu, ka kai wa Baba ya duba kafin ka shigar da su waya.