Sabunta igama a Saudiyya: nauyin wa ne?

Ɗan'uwa, ka ce saura wata biyu igamarka, wato takardar izinin zamanka a ƙasar, ta ƙare a Jidda, kuma kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, yana ta yi maka hanya-hanya, har ya nemi ka biya kuɗin da kanka. Ka sani cewa sashe na 40 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora kuɗin igama da na lasisin aiki, da sabunta su, da tarar jinkiri, a wuyan mai ɗaukar aiki, saboda haka kada ka yarda a zaftare su daga albashinka.

Shi ne zai sabunta ta manhajar Absher ko Muqeem, amma ba za ta wuce ba sai inshorar lafiyarka tana aiki, fasfonka bai ƙare ba, kuma babu tarar hanya a kanka. Wannan na ƙarshen ka duba shi yau a wayarka, domin tara guda da kyamara ta ɗauka ba ka sani ba tana iya tsayar da komai. Idan aka makara, tarar farko riyal 500 ce, ta biyu 1000, kuma bankuna sukan rufe asusun wanda igamarsa ta mutu, abin da ya fi ci mini rai ke nan ga mai iyali a gida.

Idan kuɗi ne uzurinsa, tun 2021 an halatta sabuntawa ta wata uku-uku. In kuwa ya bari ta ƙare, kana da damar neman komawa wani kamfani ta Qiwa, manhajar gwamnati ta harkokin ƙwadago, ba tare da yardarsa ba, muddin ba aikin gida kake yi ba.