Ina kawarar da muka sani ta shiga?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah ƙananun kifin nan irin su kawara da kurungu da muke dakawa a miyar kuka, yanzu sai mutum ya zagaye kasuwar Galadima duk tarwaɗar kiwo ce ta cika ko'ina. Ƙarewa suke yi ne ko yaya? Daga wata uwa a Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya raguwa suke, kuma da hannunmu a ciki. Abin da ya fi ci min rai shi ne gidan sauro, wanda aka raba kyauta saboda maleriya, wasu sai su ɗinke shi ya koma taru su ja a bakin dam da damina, lokacin da kifi ya shigo cikin ciyawa yana zuba ƙwai, idon ragar nan ko ɗan kifin da bai kai farce ba ba ya tsira, toh wanda aka kwashe tun yana haka ina zai girma ya hayayyafa? Ga masu zuba Gamalin, wani maganin kashe ƙwari, a ruwa, da safe sai ki ga komai ya taso ciki sama, har da kwaɗi, a kwashe a kyafa a kawo mana mu ci.

Sannan ruwan kansa ya lalace. Ki duba Jakara da Getsi da ke gangarawa dam ɗin Wasai, ga ruwan majema daga Sharaɗa da Challawa mai ɗauke da sinadarin kuromiyom. Tarwaɗa tana da juriya tunda tana iya shaƙar iska ta sama, kawara kuwa ba ta iya zaman ruwan dagwalo. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa a 1992 su ma sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, can ne kuma kifi ya fi haihuwa.

Doka tana nan, ta 1992 ta hana guba da nakiya da raga mai ƙananun ido, aiki da ita ne babu. Ni dai na fi sa rai da Sarakunan Ruwa wallahi, in suka rufe kamun kifi na wata biyu ko uku da damina masunta za su ji, amma fa sai an sama musu abin yi a wannan tsakani, mai iyali ba zai zauna da yunwa ba. Ke kuma Hajiya in kin ga tulin 'ya'yan kifi mitsi-mitsi a faranti kar ki saya komai arharsa, ki kuma faɗa wa mai sayarwa dalili.