Amsa ga ɗan'uwan da saƙonninsa ke ɓacewa ko su iso sau biyu

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don tamkar labarina kake bayarwa. Ka ce kana adana oda a rumbun bayanai na PostgreSQL, sannan ka tura saƙo ta ActiveMQ, manhajar da ke isar da saƙonni tsakanin sassan tsari, domin wani MDB, wato ɓangaren manhajar Java mai karɓar saƙo, ya ɗauka ya ƙarasa aikin, amma wani lokaci saƙon ba ya zuwa, wani lokaci kuma ya zo sau biyu. Wannan abin ya hana ni barci wata guda cur.

Namu manhajar sayar da data da katin waya ce. Ana gobe Sallah, mutane na ta saye, sai wuta ta ɗauke, batirin da ke riƙe da sabar kuma bai kai minti goma ba. MDB ɗin ya riga ya zuba wa mutane kuɗi a asusunsu, amma bai kai ga shaida wa ActiveMQ cewa ya gama ba. Da sabar ta dawo, sai aka sake miƙo masa saƙonnin nan, ya sake zubawa. Ina masallacin idi wayata na ta ruri a aljihu. Da rigar Sallar a jikina na zauna a ofis har bayan isha'i, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya da hannu, ko tuwon Sallah ban ci ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ogana. Wata biyu kafin nan na rubuta masa cewa muna bukatar mako guda mu toshe wannan ɓarakar, ya ce ba lokaci. Ranar da aka dawo aiki, a gaban kowa ya ce ni ne ban iya aiki ba, har da zancen za a cire asarar daga albashina. Wallahi har yau idan na tuna yadda ya kawar da kai da na nuna masa saƙon da na tura masa, sai raina ya ɓaci. Na bar wurin, Allah ya musanya min da mafi alheri.

To, ka daina tura saƙon kai tsaye bayan ka adana. Tsakanin adanawa da turawa akwai ɗan rata, a nan saƙonka yake mutuwa. Ka buɗe teburi daban a rumbun bayanan na saƙonnin da ke jiran fita, ka rubuta odar da saƙonta a cikin transakshan guda, wato ko dai su adanu tare ko kuma babu wanda zai adanu, sai wani ɗan aiki na gefe ya riƙa kwashewa yana turawa. Idan masu kwashewar sun fi ɗaya, umarnin FOR UPDATE SKIP LOCKED, mai sa kowa ya tsallake layin da wani ya riga ya riƙe, zai hana su rububin layi ɗaya. Tun PostgreSQL 9.5 na 2016 yake nan.

Amma don Allah kada ka ɗauka shi ke nan. Ko da hakan, saƙo zai iya maimaituwa. Ka ba kowane saƙo lambarsa ta musamman, mai karɓa ya rubuta lambar a teburin da ba ya yarda da maimaici, a cikin transakshan ɗin da yake zuba kuɗin. Da na yi wannan tun farko, da na ci Sallata a gida.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka yi amfani da XA, wato tsarin da ke haɗa adanawa a rumbun bayanai da tura saƙo a transakshan guda. Yana aiki, amma mu mun sha wuya da shi. A PostgreSQL saitin max_prepared_transactions, wanda XA ke bukata, sifili yake zuwa sai ka ɗaga shi, kuma idan sabar ta mutu a tsakiya, transakshan ɗin da ya maƙale yana riƙe da makullansa har sai an warware shi.

Ka kuma leƙa ActiveMQ.DLQ, wurin da ActiveMQ ke jibge saƙonnin da aka kasa sarrafawa. Idan ba ka taɓa saitin ba, bayan an sake gwada saƙo sau 6 can ake jefa shi, ba mai sanar da kai. Mu mun tarar da saƙonnin watanni a jibge. Wataƙila waɗanda kake cewa sun ɓace suna can.

Kuma duk gargaɗin da za ka yi wa oganka, ka yi shi a rubuce, ka ajiye kwafi a wajenka. Turo mana kod ɗin da ke cikin onMessage ɗinka, wato inda MDB ɗinka ke karɓar saƙo, da saitin transakshan ɗin, in sha Allahu da daddare zan duba maka.