Babban kare ko ƙarami: wanne ya dace da gidana?

Tambayoyin wannan makon duk a kan karnuka suka zo. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, ga amsoshin.

Tambaya ta farko daga wani magidanci ce a Sakkwato. Ya ce ya tare a sabon gida a bayan gari, inda maƙwabta ba su yi yawa ba tukuna, kuma sau biyu ana haura masa katanga. Wani dillali ya turo masa hoton kwikwiyon Kokeshiyan ta waya, abokinsa kuma ya ce Rotwaila ya fi. Yana da mata da yara huɗu, babbansu shekara tara. Wanne zai saya?

Alhaji, Allah ya tsare gaba. Shawarata ita ce ka ajiye duka biyun tukuna, ga dalili.

Kokeshiyan karen duwatsu ne. Asalinsa tsaunukan Kokeshiya, wajen Jojiya da Armeniya, inda makiyaya suka rene shi don ya kwana cikin dusar ƙanƙara yana kare tumaki daga kyarkeci. Saboda haka Allah ya ba shi gashi ninki biyu, na sama mai kauri, na ƙasa kamar auduga. To ka ɗauki wannan dabbar ka kawo ta Sakkwato, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafarsa. Haki yake yi, ya zaro harshe, da haka yake sanyaya jikinsa. In iskar da yake shaƙa ita ma wuta ce, hakin ba ya wadatar da shi. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari. Na taɓa zuwa gidan wani a tsakiyar bazara na tarar da irin wannan kare kwance a kejin da aka rufa da kwano, ya kasa ko ɗaga kai ya dube ni. Mai gidan ya zuba kuɗi masu yawa, kuma yana son karensa, amma bai san azabar da ya jefa shi ba. Har yau abin yana damuna. Wanda yake Jos ko Mambila zai iya tunanin Kokeshiyan. Kai kam a'a.

Rotwaila gashinsa gajere ne, don haka ta wannan fuskar ya fi dama, ko da yake baƙin jikinsa na kwasar rana. Sunansa daga garin Rotwail na ƙasar Jamus ya samo shi, inda mahauta suke amfani da shi wajen kora shanu da jan amalanke. Namiji yakan kai kilo 50. Kare ne mai biyayya ga wanda ya san yadda ake riƙe shi, amma sai an hore shi tun yana ƙarami, kullum, ba ranar da aka ga dama ba. Ka tambayi kanka wa zai yi wannan aikin. Kana fita kasuwa da safe, ba ka dawowa sai magariba. Uwargida ce za ta riƙe kare mai nauyin buhun siminti in ya fizge? Ka kuma tuna masu shigowa gidanka ba ɓarayi kaɗai ba ne: akwai almajiri mai neman saura, akwai ɗan garuwa, akwai yaran maƙwabta da ƙwallonsu ta faɗo, akwai surukai. Ƙaramin kare in ya yi kuskure, rauni ne a dunduniya. Kare mai kilo 50 in ya yi kuskure a kan yaro ɗan shekara huɗu, magana ce ta asibiti ko abin da ya fi haka.

Sai batun ciyarwa, wanda dillali ba zai taɓa ɗauko maka ba. Babban kare irin wannan yana cin rabin kilo ko fiye na busasshen abincin karnuka a rana, wato buhu mai kilo 15 da ƙyar ya kai wata. In dafawa za a yi a gida, sai ka zama ɗan gida a kwata, kana sayen kai da ƙafa da kayan ciki, a haɗa da shinkafa ko tsaki. Ƙanzo da sauran tuwo ba za su riƙe shi ba. Maganin tsutsa da na kaska ma da nauyin jiki ake auna su, don haka komai nasa ninki ne. Ga kuma gajeren kwana: manyan nau'o'in nan galibi shekara 8 zuwa 10 suke yi.

Abin da kake nema a gaskiya shi ne wanda zai tashe ka kafin ɓarawo ya diro, ya kuma sa shi ya sake tunani. Ɓarawo hayaniya yake gudu. Wannan aikin karnukan gida biyu, namiji da mace, da aka rena tun suna kwikwiyo a cikin gidan, za su yi maka shi fiye da ƙato ɗaya da zafi ya kwantar. In kuma ranka ya kafe a kan na Turawa, nemi Alseshiyan mai gajeren gashi, wanda muke ce wa karen 'yan sanda, ko ruwa biyunsa da na gida. Wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, shi ya kafa irin a 1899 don kiwon tumaki, kuma saurin ɗaukar horo ne ya kai shi aikin 'yan sanda a duniya. Namiji kilo 30 zuwa 40 ne, abin da mutum zai iya riƙewa. Rauninsa ciwon ƙugu ne da ake gado, saboda haka ka ga uwar da uban suna tafiya da idonka. In ƙafafun baya na tangaɗi, ka haƙura. Kuma kowanne ka ɗauka, kada ka ɗaure shi da sarƙa dare da rana wai don ya yi zafi. Zafin da sarƙa ke haifarwa ba ya bambance ɓarawo da ɗanka. A yi masa wuri mai inuwa da iska, ruwa kada ya yanke, da dare a sake shi cikin katanga.

Tambaya ta biyu daga wata uwa ce a Kaduna. Yaranta sun ga ƙaramin kare fari mai gashi buzu-buzu a gidan maƙwabta, sun hana ta sakat. Gidan haya suke, tsakar gidan ƙarama ce. Ta ce ita kanta tana da ɗar-ɗar ta fuskar addini, kuma tana so ta san ko ƙaramin kare yana da wani amfani ban da ado.

Hajiya, ɗar-ɗar ɗinki na da tushe. Hadisai ingantattu sun yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na gona, sun kuma yi gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ba don ɗayan waɗannan ba. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. A littattafan Malikiyya ana ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi; da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Kare na wasa kawai, wanda zai hau kujera ya kwana a ɗaki, wannan wata magana ce daban, kuma ina ba ki shawara ki zauna da maigida da malamin da kuka yarda da shi kafin kuɗi ya fita.

Wanda yaran suka gani ina kyautata zaton Lasa ne, don yana cikin ƙananan da ake yawan gani a gidajen Najeriya. Asalinsa Tibet, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne can ma aikinsa gadi ne: manyan karnuka na waje, shi yana ciki, da ya ji motsi sai ya yi haushi. Kilo 6 zuwa 8 ne, buhun da Rotwaila zai cinye a wata shi zai kai shi wata huɗu. Kunnensa kuwa ba wasa. To amma gashin nan da ya burge yaran aiki ne. In ba a taje shi akai-akai, sai ya cuɗe ya dunƙule, kaska da ƙuma su samu maɓoya, fatar ta yi gyambo a ƙasa ba a gani ba. A zafinmu gara a riƙa rage masa shi. Sannan ƙananan karnuka suna daɗewa, shekara 12 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne. Yaron da ke kuka yau a saya masa, zai gama sakandare ya tafi jami'a karen na nan, kuma ke za a bar wa. Haushinsa kuma a gidan haya zai iya haɗa ki da maƙwabta, don haka a tambayi mai gidan tukuna. In da ni ce ke, a wannan tsakar gidan, da na ba yaran haƙuri na samo musu kyanwa ko zomaye. Abu ɗaya dai: in an kawo miki masu gajeren hanci da fuska a daɓe, irin su Fog da Buldog, kada ki karɓa ko kyauta ne. Numfashi na yi musu wuya ko a ƙasar sanyi, balle nan.

Ta uku daga wani manomi ce a yankin Tawa, Jamhuriyar Nijar. Ya ce yana da gona da garken awaki, yana kuma fita farauta da rani. Ɗansa da ke birni yana ta ce masa karnukansu na ƙauye ba iri ba ne, zai aiko masa da na Turawa. Shin ya karɓa?

Baba, ka gode wa yaron, amma ka gaya masa abin da ke hannunka Turawan da kansu nemansa suke. Kwarin Azawak, wanda ya ratsa arewacin jiharku ya shiga Mali, shi ya ba da sunansa ga wani nau'in kare da Buzaye da maƙwabtansu suka daɗe suna renawa: dogo, siriri, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, ciki a ɗame, gashi kamar an shafa. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai santimita 60 zuwa 74, amma nauyinsa kilo 15 zuwa 25 kacal. An fara kai shi Turai wajen shekarun 1970, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su. Karnukan farauta da yawa a ƙasar Hausa suna da wannan ƙirar ko kusa da ita.

Wanda bai sani ba in ya ga haƙarƙarinsa sai ya ce yunwa ce. Halitta ce. Jiki mara kitse, fata mara kauri da dogayen gaɓoɓi su ke ba shi damar zubar da zafi, ya bi zomo ko barewa da rana tsaka a inda karen Jamus zai zube. Ya saba da ruwanmu da abincinmu, kuma ya fi baƙin jure cututtukan da kaska ke ɗauke da su, waɗanda ke kashe karnukan waje da yawa a shekararsu ta farko. Da dare kuma ba ya barin baƙo ko dila su matso garke. Karen bana shi ke maganin zomon bana, haka ma karen ƙasa shi ya san zomon ƙasa.

Inda nake da ƙorafi a kanmu shi ne riƙon da muke masa. Wanda ya sayi na Turawa zai kira likita, ya sayi sabulu da magani, na gida kuwa sai jifa da "kai, tafi can". Sannan a ce ba shi da kyau. A ba shi rabin kulawar da ake ba baƙon a gani. Kuɗin da yaron zai kashe, ya aiko da shi a yi wa naka allura, a ba su maganin tsutsa, a ƙara musu nama da ƙashi ɗanye lokacin farauta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Kaskon ruwa a inuwa shi ne farkon haƙƙinsu a kanka.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani saurayi a Zariya da ya riga ya yanke shawara, yana tambayar abin da zai duba ranar saye.

Ɗan'uwa, kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba ya nuna cuta. Je ka inda aka haife shi ka ga uwar. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba. Ido ya zama garau, dasashi ja-ja ba fari ba, ciki ba a kumbure ba, gindin wutsiya ba alamar zawo. Ka nemi katin rigakafi mai sa hannun likita: allurar farko ana yin ta tun mako 6 zuwa 8, a maimaita, ita ce ke kare shi daga cutar amai da zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki. Kana kusa da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ka kai shi a duba a makon farko. Kada a ba shi miya mai albasa da yawa, ko cakulan, ko inabi, ko dafaffen ƙashin kaza.

In ya cika wata uku a yi masa allurar ciwon haukan kare, a kuma riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato na cikin masu samar da ita a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Cizon Lasa da na Rotwaila ɗaya ne a nan. In kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a jira a ga ko karen zai haukace.